Ranar da Na Tare wa Kawu Ƙofa

Na manta abubuwa da yawa na zaman Jidda, har da fuskokin mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma ranar Juma'ar da na tare ƙofar gidan ƙanƙara na hana kawuna wucewa, wannan kam da ita za a kai ni kushewa. Jikokina idan na ɗauko labarin sai su yi ta dariya, wai Kaka ya ɓata da surukinsa a kan kifi. Ba kifi ba ce, na faɗa musu har na gaji. To amma yaran da aka haifa a nan, Hausar ma rabi-rabi suke ji, ina za su tsaya bambance kifi da dabba.

A Sudan aka haife ni. Iyayenmu sun taso daga Yawuri da ƙafa da niyyar aikin Hajji, mahaifiyata ta tsaya a hanya ta yi aure, yayanta kuma ya ƙetare teku ya zauna a Jidda. Shi ne kawun da nake magana. Da mahaifina ya rasu shi ya aika aka kawo ni, shi ya yi ta zirga-zirga har na sami iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya roƙar mini aiki a gidan ƙanƙara da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Daga baya ya ba ni 'yarsa, ya ware mana ɗaki a cikin gidansa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Duk abin da na zama ta hannunsa ya biyo. Sana'arsa magani, yana shimfiɗa tabarmarsa a wani lungu cikin Balad, tsohon garin Jidda, alhazai mutanenmu da Larabawan gari kowa na zuwa wurinsa.

A lokacin ba a rufe hanyar jiragen ruwa ta Suwais ba tukuna, jirage na wucewa ta gabanmu kullum. Ana tsakiyar zafi, irin wanda riga ke manne wa mutum tun da hantsi, sai injin wani jirgi da ya fito daga can kudancin duniya ya lalace, ya tsaya a tasharmu jiran gyara. Da safe muna loda ƙanƙara a amalanke sai ga mu'allim, wato mai gidan namu, wani ɗan Yaman mai gajen haƙuri, tare da wani dogon Bature da rana ta ƙona wa hanci, da wani Basudane ma'aikacin jirgi yana yi musu tafinta. Bayansu 'yan dako na ɗauke da wani babban akwatin katako mai ramuka, wani abu a ciki yana haushi kamar karen da mura ta kama.

A bayan gidan muna da kwamin siminti inda muke wanke kwanukan daskarar da ruwa. Aka cika shi da ruwan teku, aka jefa ƙanƙara, aka buɗe akwatin. Wallahi na ja da baya. Kai irin na kare, da 'yan kunnuwa ƙanana, da gashin baki tsaye, jiki sumul, ga hannuwa shafaffu ba yatsu a fili. Ta ja ciki ta faɗa ruwan. Tafinta ya ce sunanta zakin teku. Ni dai ban ga zaki a jikinta ba, wata ramammiyar halitta na gani tana numfashi da ƙyar.

Baturen likitan dabbobi ne. Ta bakin tafinta ya ce a tsibiransu masu sanyi an daɗe ana kashe irin waɗannan saboda fata da mai, har suka kusa ƙarewa. Yanzu aikinsu shi ne duk lokacin haihuwa su je su ƙirga su, su kama wasu su auna nauyinsu, su maƙala musu ɗan ƙarfe a hannu don su gane su baɗi. Ya nuna mini nata ƙarfen. Ya ce wani ciwon ƙirji yana kashe musu ƙanana, wannan ta kamu amma ba ta mutu ba, shi ya sa zai kai ta inda ake da kayan bincike, ko a gano abin da zai taimaki sauran. Na'urar sanyin jirgi ta mutu tare da injin, idan dabbar ta yini cikin zafin nan ba ƙanƙara, halas, tata ta ƙare.

Ba a ba shi izinin kwana a gari ba, sai dai ya zo da safe ya koma. Don haka mu'allim ya nuna ni da baki ya ce ni zan kula da ita. Likitan ya kama hannuna ya tsoma cikin ruwan don in ji irin sanyin da yake so. Ya ce in lura ko ta ci kifi, in lura da kashinta, in saurari numfashinta ko yana kurari, in duba idanunta, kullum da safe in ba shi labari. Sannan ya dube ni ya tambaya ko zan iya. Na ce zan iya. Ba wanda ya matsa mini, da bakina na faɗa.

Ban san wanda ya kai labari unguwarmu ba, amma kafin a kwana biyu an ce an kawo abin mamaki gidan ƙanƙara. Sai ga Kawu da kansa, da sandarsa. Na shimfiɗa masa buhu ya ƙi zama. Ya tsaya bakin kwamin ya daɗe yana kallo, ita kuma tana juyi a ruwa, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. A hankali ya ce, "Ayu ne. Ashe zan sake ganin ayu kafin in mutu."

Wanda bai sani ba, ayu wata dabbar kogi ce ta can gida, kuma a wurin masu magani babu abin da ya kai manta daraja, musamman a maganin mata. Mahaifin Kawu Basarke ne, wato daga cikin mafarautan ruwa, kuma Kawu yana yaro ya ga an jawo ayu bakin gaɓa ana fiɗa. Ɗan man da ya taho da shi, da wanda alhazai kan kawo masa jefi-jefi, ya ƙare tuntuni, har wasu marasa kunya sun fara cewa kitsen raƙumi yake ba mutane. Wannan magana ta daɗe tana cin sa. Ni kuwa a Sudan na tashi, ban taɓa ganin ayu ba ko a mafarki, da wane baki zan musa masa?

Daga nan fa aka buɗe mini kasuwa. Mata suka riƙa zuwa da kwanuka suna roƙon ruwan da ta yi wanka a ciki. Wata tsohuwa har da cewa in tsinko mata gashin baki ko ɗaya, na ce Iya, bismilla, ga ta nan, ki tsinka da kanki. Tsofaffi kuma suka riƙa kawo damin barsim, ciyawar da ake ba awaki, don kowa ya san ayu ciyawa yake ci. Ko kallon ciyawar ba ta yi, ni ke shan wahalar tsame ta daga ruwa. Kawu ya ce ciwo ne ya hana ta ci. Mu'allim ya yi ta zage-zage da Larabci, yana korar su da yalla yalla, suna fita ta gaba suna dawowa ta baya.

Ita kuma a hankali ta fara murmurewa. Kifin da nake ɗaukowa daga bangala, kasuwar kifi, da farko sai ta shinshina ta kau da kai, daga baya ta fara fizgewa. Kurarin ƙirjin ya ragu. Kada wani ya zaci shaƙuwa muka yi, don rannan ina sauya ruwa ta cafke ni a ƙwauri, sai da na yi ta ɗingishi. Mugun hali gare ta, ga wari. Amma duk safiya idan na ce wa likitan ta ci, numfashi ya yi sauƙi, na ga yadda fuskarsa ke sakewa, sai in ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba a ɗaukar ƙanƙara.

Ranar Alhamis bayan mun ci abinci Kawu ya kira ni gefe. Ya ce ya ji an kusa gama gyaran jirgin, kuma ba zai zuba ido arziƙin da Allah ya kawo har ƙofa ya koma teku ba. Gobe Juma'a ba kowa a gidan ƙanƙara, Baturen ma ba ya samun kwalekwalen fitowa. Ba ya son in yi komai da hannuna. In dai daina zuba ƙanƙara tun safe, zafi ya yi aikinsa, bayan masallaci zai zo da mahauci a yanka kafin rai ya fita. Washegari in ce ta mutu, ta yi wari an jefar. Dama mara lafiya ce, wa zai tuhumi wani?

Kaina na ƙasa na ce, "Kawu, a yi haƙuri."

Ya dafa kafaɗata ya tashi. A wurinmu idan ƙarami ya ce wa babba a yi haƙuri, ana ɗauka kunya ce kawai, gobe zai yi abin da aka ce. Ni kuwa iyakar abin da bakina zai iya faɗa masa ke nan. Da asuba na gaya wa mai ɗakina duk yadda muka yi. A lokacin tana da tsohon ciki, na fari. Ta ɗaure mini abinci a ƙyalle, sannan ta tambaye ni abin da zan yi. Na ce zan sa ƙanƙara. Ta miƙo mini ƙunshin.

Na sa ƙanƙara tun safe, na ƙara da hantsi. Na yi sallar Juma'a a masallacin da ke kusa, ana sallamewa na dawo da sauri. Ina shirin fasa wata sabuwar ƙanƙara sai na hango su tafe cikin rana: Kawu a gaba, mahauci da wuƙaƙensa naɗe a buhu, dattawan unguwa, da 'yan kallo a baya. A hannuna akwai ƙugiyar ƙarfe da muke jan ƙanƙara da ita. Abin da na fara yi shi ne na jefar da ita can nesa, don kada gobe a ce na ɗaga wa kawuna ƙarfe. Sannan na cire takalma na durƙusa, yadda kowane ɗa na gari ke durƙusa wa surukinsa. Sai dai a tsakiyar ƙofa na durƙusa, ƙofar kuwa ta mutum ɗaya ce.

Na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya leƙa ta saman kaina, sanyin da ke fitowa daga ciki ya buge shi a fuska, nan take ya gane.

"Tashi ka ba mu hanya," in ji shi.

"Kawu, amana aka ba ni."

Wani dattijo ya sa baki, wai amanar Nasara har ta kai a saɓa wa wanda ya riƙe ka? Wani ya ce ai dabba ce, Allah ya halitta ta don amfanin ɗan Adam. Mahauci ya ce shi fa yana da wajen zuwa. Kawu ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ya fara lissafa mini abin da ya yi mini, tun daga ranar da na sauka daga jirgi da riga ɗaya, a gaban mutane, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kowace kalma sai da ta shige ni. Ya ce bai taɓa roƙona komai ba sai yau. Wannan ma gaskiya ne.

Na ce, "Duk abin da ka faɗa haka yake, Kawu. Ka ce in ba ka hannuna na dama a sare, ga shi. Amma wannan ba tawa ba ce da zan bayar. Ko ayu ce ko ba ayu ba, mutumin nan ya tambaye ni zan iya, na ce zan iya. In za a shiga, sai dai a taka ni."

Na san ba mai iya tsallake mutum yana durƙushe gaban surukinsa, abin kunyar zai koma kan wanda ya tsallake. Kawu ma ya sani. Don haka ya dogara da sandarsa ya tsaya, bai ce tashi ba kuma, bai ce zauna ba. Sai a lokacin na gane dabararsa, don tsohon ba wawa ba ne. Muddin bai sallame ni ba, ba ni da ikon miƙewa, muddin kuma ina durƙushe, ba mai sa ƙanƙara. Rana na dukan rufin kwano, ƙanƙarar hantsi ta narke. Gwiwoyina suka mutu. Daga bayana na fara jin dabbar, numfashin nan mai kurari da na yi kwanaki ina murnar ya tafi, ga shi yana dawowa, tana buga hannu a siminti.

Na ɗago kai na dubi kawuna cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da na zo duniya. Na miƙe ba da izininsa ba, na juya masa baya a gaban dattawan unguwa, na shiga na rufe ƙofa na zura sakata. Na ji salatin mutane a waje. Ina fasa ƙanƙara da gatari ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina jefawa a ruwa, ina zagin dabbar, ina zagin Baturen da jirginsa. Amma ban buɗe ba. Ta ramin ƙofa na ji muryarsa, ba tsawa ba hayaniya, ya ce daga yau babu ni babu shi.

Da yamma na koma na tarar da akwatina da tabarmata a waje. Aka aiko yaro ya ce mini 'yarsa tana gidan ubanta, ni in san inda na nufa. Ina tsaye ina tunanin masallacin da zan kwana sai ga ta ta fito, da cikin nan nata, tukunya a ka, ƙunshin kaya a hannu. Mahaifiyarta na biye da ita tana kuka tana kiran sunanta. Ba ta waiwaya ba, ni ma ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ɗauki akwatin mu tafi, ƙafata na ciwo." Wani abokin aikina ya ba mu wani ɗan ɗaki a bayan unguwar Bagdadiyya, rufinsa rabi kwano rabi buhu, a nan ta haihu.

Washegarin Juma'ar likitan ya zo ya duba dabbarsa, ya saurari ƙirjinta, ya tambaye ni ko an sami matsala. Na ce numfashin ya ɗan tashi da rana amma ya kwanta. Iyakar abin da ya sani ke nan, don ban ga dalilin tona asirin kawuna gaban baƙo ba. Da aka gama gyara suka mayar da ita akwati, ya girgiza hannuna, aka tafi da ita tana haushi. Ko ta isa da rai, ko an gano maganin, ko 'yan'uwanta sun ƙaru a tsibiran nan, wallahi ban sani ba, ba wanda ya dawo ya gaya mini. Mutanen unguwa sun daɗe suna yi mini gorin haka, wai ina ladan? Nakan ce ku je ku tambayi wanda ya ce muku don lada na yi.

Kawu bai zo suna ba, duk da sunansa muka sa wa yaron. Duk sallah sai na je gaishe shi, in durƙusa a zaure, ya wuce ni kamar turmi. Shekaru muka yi a haka. Mutane suka yi ta ba ni shawara in ce na yi kuskure a wuce wurin. Na ce zan ba shi haƙuri sau dubu a kan bayan da na juya masa, don wannan ya yi masa ciwo kuma ni ma ya yi mini, amma ba zan ce rufe ƙofar kuskure ba ne, don ba kuskure ba ne.

Da ciwon ajali ya kama shi ya aika a kira 'yarsa, ni bai ce in zo ba. Na raka ta na zauna a waje. Bayan an yi jana'iza an watse, ta same ni a zaure, idanunta sun kumbura. Kawu ya bar ƙananan yara da ya haifa da tsufa, ga 'yan'uwa da yawa da kowa ke ganin shi ya dace ya riƙe su da gidan. Ta ce ya yi wasiyya a gaban liman. Na tambaye ta ko ya ambace ni, ko ya ce ya yafe.

Ta ce, "Bai ce ya yafe ba. Cewa ya yi, 'A ba mai taurin kan nan yaran da gidan, shi ko ni na zo ba zai buɗe ƙofa ba.'"

Na riƙe su har suka yi aure, ba wanda ya taɓa musu ko tsinke, kuma an gwada. Abin da na koya shi ne, idan ka ce zan iya a kan abin da aka damƙa maka, to ka faɗa ke nan, ko mai shi baƙo ne da ba zai taɓa sani ba, ko abin dabba ce mai wari da cizo. Wanda zai zo karɓa ba maƙiyinka ba ne, wanda ka fi jin kunya ne, kuma ba lalle ya yafe maka ba. Ni ban sami yafiyar kawuna daga bakinsa ba, ina roƙon Allah ya haɗa mu inda zan sake durƙusa masa. Amma da za a maido ranar nan, da shi da sandarsa da dattawan, a tsakiyar ƙofar zai sake tarar da ni.